Bayan an sallamo ka: jinyar aikin baya a gidan da komai a ƙasa yake

Aikin baya awa 2 ne ko 3 a ɗakin tiyata. Jinyarsa kuwa wata 3 ce, wani lokaci har shekara, kuma kusan dukkanta a gida ake yin ta, inda babu likita babu nas, sai uwargida da yara da 'yan dubiya. A zangonninmu, daga Nima ta Akra zuwa Kumasi da Kwatano da Duwala, da wuya ka rasa wanda aka yi wa wannan aiki. Wani a Korle Bu, wani a Komfo Anokye, wani a FOCOS da ke Pantang, wani ya koma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, mai hali ya tafi Indiya ko Misira. Ana haɗa kuɗi, ana rakiya, ana addu'a har a fito lafiya. Daga ranar da aka sallamo mutum sai kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ni da aka yi wa shekara 2 da suka wuce, na ga a ranar ce ma take farawa.

Sai mutum ya san abin da aka taɓa a jikinsa kafin ya gane dalilin dokokin da aka kafa masa. Gadon baya ƙasusuwa ne a jere, ɗaya bisa ɗaya, 5 daga ciki a ƙugu suke, su ne likitoci ke rubutawa L1 zuwa L5. Tsakanin kowane biyu akwai faifai na guringuntsi mai taushi a ciki, aikinsa irin na gammo ne tsakanin kai da kaya. Idan faifan ya tsage, abin cikinsa ya ɓullo ya danne jijiyar da ta sauka ƙafa, shi ne ciwon nan da ke tasowa daga mazaunai ya bi cinya har tafin ƙafa kamar an jona wa mutum wuta. Mafi yawa a faifai biyun can ƙasa yake faruwa, inda nauyin jiki ya tattaru. Duba takardarka, za ka iya ganin L4-L5 ko L5-S1.

Aikin ma iri-iri ne. Wani ɗan abin da ya ɓullo kawai ake yanke masa, irin wanda aka yi mini ke nan. Wani faɗaɗa masa hanyar jijiyoyi ake yi. Wani kuma kusoshi da sandunan ƙarfe ake sa masa don ƙashi biyu su haɗe su zama ɗaya. Shi wannan na ƙarshe ya sani, ƙarfen riƙo kawai yake yi kafin ƙashin ya haɗe da kansa, kuma haɗewar takan ci wata 3 zuwa 6, wani har shekara. Don haka kada mai ƙarfe ya ga maƙwabcinsa ya koma shago a mako na 6 ya ce shi ma zai bi sahu. Tabon ɗinkin ne kawai ya yi kama.

Ko wane iri aka yi maka, da doka 3 za a sallame ka: kada ka duƙa, kada ka ɗauki nauyi, kada ka murɗa ƙugu. A asibiti suna da sauƙin bi, gado yana da tsayi, ban-ɗaki na zama ne, abinci ma a kan ɗan tebur ake turo maka. Sai ka iso gida za ka ga ashe rayuwarmu gaba ɗaya a ƙasa take. A tabarma muke hira, a ƙasa muke cin tuwo, a tsugune muke alwala, a tsugune muke kewayawa. Katifar da yawa daga cikinmu a ƙasa take, musamman masu hayar ɗaki ɗaya a zango. Buta a ƙasa, takalmi a ƙasa, murhu a ƙasa, cajar waya ma a gindin bango. Wanda ya tsara takardar sallamar nan da Turanci ko Faransanci, gidan da ke cikin kansa daban yake da namu. Saboda haka aikin farko na iyali, tun mai jiki yana kwance a asibiti, shi ne a ɗago masa rayuwarsa daga ƙasa.

Bari in fara da wanda ake jin nauyin faɗa. Tsuguno yana lanƙwasa ƙugu daidai inda aka yi aikin, miƙewa daga shi kuma ya fi tsugunon wuya. Balle a gidan haya inda ɗakuna goma ke layin masai ɗaya, ko kuma sai an fita na kuɗi a bakin titi. Akwai kujerar ban-ɗaki mai hannuwa da bokiti a ƙarƙashi, ana samunta a shagunan kayan asibiti. In kuɗin ya yi nauyi, kafinta zai huda kujerar katako mai ƙwari, ta yi aikin tsaf. Abin lura shi ne tsayi: in ka zauna, kada gwiwa ta fi ƙugu tudu. A gidana labule muka ja a lungun baranda, babban ɗana ya ɗauki nauyin zubarwa, kuma ba wanda ya taɓa jin maganar a bakinsa, Allah ya yi masa albarka. Sannan magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna ƙulle ciki, ga rashin motsi, yunƙurin bahaya kuwa a kan ciwon yake ƙarewa. A sha ruwa sosai, a ci gwanda da lemu, a yawaita miyar kuɓewa da ayoyo da zogale da wake. In aka kwana 3 shiru, a gaya wa likita ya rubuta abin da zai sassauta.

Gado kuwa ko na aro ne a nemo, mai tsayin da ƙafa za ta taka ƙasa in an zauna, kuma wanda bai lotsa a tsakiya ba. Tashi daga shi koyo ake yi. Kana rigingine, sai ka tanƙwara gwiwoyi, ka mirgina kafaɗa da ƙugu a lokaci ɗaya kamar gungume, ka sauko da ƙafafu, sannan ka tura jikinka sama da hannu. Kwanciya ma haka, a koma da baya. Filo ƙarƙashin gwiwoyi in kana rigingine, tsakanin gwiwoyi in kana kan kwiɓi. Uwargida, don Allah kada ki kama hannunsa ki fizgo shi zaune, ko da shi ya miƙo. Kin murɗa masa baya, ke ma kin ɗora wa naki.

Salla ce ta fi damun yawancinmu, har wani yakan ɓoye wa likita ya ci gaba da sujada a ɗaki. Ba sai an kai haka ba. Hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Bukhari sananne ne, shi ma rashin lafiya ce ta sa ya yi tambaya, aka ba shi izinin yin sallarsa gwargwadon abin da jikinsa zai ɗauka, ko a zaune ko a kishingiɗe. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, mai aikin baya yakan iya tsayuwa lafiya lau, ruku'u da sujada ne suka gagare shi. Limamin masallacinmu ya nuna mini: in yi kabbara da karatu a tsaye, in yi nuni da kai don ruku'u, in zauna a kujera in yi nunin sujada ƙasa da na ruku'u kaɗan. Alwala a kujera mai tsayi, a ɗora roba a kan tebur don kada a sunkuya. Ƙafa ce matsalar, ita kam yaro ko uwargida za su wanke maka, malamai sun halatta wannan ga mai larura. Wanka ma haka, ba a jiƙa ɗinki sai likita ya ce, kuma addini ya san shafa a kan bandeji, ya san taimama. Dutsen taimamar ma a kan tebur za a ajiye shi. In jinya ta faɗo cikin azumi kuma magani yana da sa'o'insa, akwai ramuwa.

Ranar komawa sujada kuwa likitan da ya yi aikin ne zai faɗa. In ba Musulmi ba ne, kada ka tsaya dogon bayani. Ni ɗana na sa ya gwada masa ruku'u da sujada da zaman tahiya a tsakiyar ofis, ya duba da kyau, ya ce wannan bayan mako 6, wancan a ƙara haƙuri.

Akwai inda al'adarmu da umarnin likita suka yi hannun riga. Mu a wurinmu mara lafiya kwanciya yake yi, duk wanda ya shigo cewa zai yi sannu, koma ka kwanta ka huta. Alhali bayan aikin baya tafiya ita ce babban magani, tun a asibiti ma washegari ake tayar da mutum. Yawan kwanciya yana sa nama ya saki, yana ƙulle ciki, yana iya sa jini ya daskare a ƙafa. Zama ma ba hutu ba ne, ya fi tsayuwa ɗora wa faifai nauyi, shi ya sa a makonnin farko ake cewa kada ya wuce minti 20 zuwa 30 a jere. Ni makon farko daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar gida nake yi, minti 5, sau da yawa a yini. Mako na 4 ina kaiwa masallaci in dawo. Mako na 6 ina yin rabin awa. Sai dai lungunan zango kun san su, ga kwata, ga duwatsu, ga masu babur. A fita da rana, da takalmi mai riƙe diddige, da wani a gefe.

Nauyin da aka yarda da shi da farko bai wuce kilo 4 ko 5 ba. Buta cike, ka wuce. Bokitin wanka, a'a. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce cur, buhun shinkafa 50, buhun albasa irin namu kuwa ba a ma maganarsa. Wanda ake mantawa shi ne jika. Yaro ɗan shekara 2 ya haura kilo 10, kuma da gudu zai zo ya ɗaga hannu. Ka zauna a ɗora maka shi a cinya, shi ke nan an raba gardama.

Ɗinki a bar shi a bushe, da tsabta, ana cire zaren ko ƙarafan tsakanin kwana 10 zuwa 14. Tun da mai ciwon ba ya ganin bayansa, wani ya riƙa duba masa kullum da fitilar waya. Ja da kumburi da ke ƙaruwa, mugunya, wari, ko zazzaɓin da ya kai 38, duk na komawa asibiti ne. Mu da an ce zazzaɓi sai a ce maleriya a aika kemis, to wanda aka yi wa aiki mako 2 da suka wuce a gwada jininsa, a kuma nuna ciwon. Farin ruwa na tsatsafowa daga ɗinki tare da ciwon kai da ke tsananta in an tashi zaune, shi ma na likita ne a ranar. Akwai kuma waɗanda ba a jiran gari ya waye a kansu: fitsari ya ƙi fita ko ya zubo ba ka sani ba, bahaya ma haka, matsematsi ya mutu har ba ka jin ruwan tsarki, ko ƙafa ta rasa ƙarfi farat ɗaya. Wannan alama ce jijiyoyi sun matsu, awoyi ake ƙirgawa. Haka in sharaɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe da ciwon ƙirji, gudan jini ake tsoro. Lambar likita da ta mai motar da za a iya tasa tsakar dare su kasance a wayar uwargida tun ranar sallama.

Magani a tsaya a kan wanda aka rubuta. Tramol na asibiti miligiram 50 ne ko 100, na kwanaki ƙalilan, sannan a janye. Wanda ake sayarwa a tasha mai 225 ba likita ne ya kawo shi ba, kuma duk mun ga abin da ya yi wa samarinmu 'yan dako. Haɗarinsa ga mai jinya biyu ne, ga sabo, ga shi yana rufe zafin da zai gaya maka ka wuce iyaka. Mai ƙarfe a baya kuma ya tambaya kafin ya sha dikulofenak ko ibufurofen, don likitoci da yawa suna hana su a watannin farko saboda suna iya jinkirta haɗewar ƙashi. Taba ma haka take yi, ta sha da ta shaƙa da ta sa wa a baki. Mai ciwon suga ya riƙe sugansa da kyau, in ba haka ba ɗinki ba ya kamewa da wuri.

'Yan dubiya alheri ne, wanda ya yi ciwo a ƙasar mutane shi ya san daɗin jin sallama da Hausa a bakin ƙofa. Amma kowa da maganinsa yake zuwa. Wannan ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho, wancan ya san maɗori a Ashaiman, wata ta kawo man zafi, wani ma cewa ya yi a sa yaro ya taka mini baya. Ina girmama maɗora, na ga karayar da suka ɗaure ta warke. Amma bayan da aka buɗe aka taɓa kusa da jijiya, ba wurin ja da matsa ba ne. Addu'a kam a kawo ko nawa ce. Sannan in dattijo ya shigo, jiki da kansa yake son ya zabura ya rusuna. Matata ce ta zama mai gadin ƙofa, tun daga waje take cewa, “Baba, ku yi masa haƙuri, likita ya hana shi duƙawa, daga kwance zai gaishe ku.” Ba wanda ya taɓa jin haushi. Ta kuma tsayar da dubiya bayan la'asar, don kada in yini a zaune ina amsa ya jiki.

In mace ce aka yi wa aikin, abin ya fi tsanani, kuma a nan mu maza ya kamata mu ji kunya. Namiji ya dawo daga asibiti gida ya tsaya masa. Mace ta dawo, kwana 10 ka gan ta da tsintsiya. Shara da gajeren tsintsiya, wanki a duƙe, daka, tuƙin tuwo, ɗebo ruwa, goyo, babu ɗaya a cikinsu da bai karya dokokin nan 3 ba. A zango kuma babu uwa babu ƙanwa a kusa. Maigida, kuɗin motar da za ka kashe a kawo 'yar'uwarta daga gida ta zauna wata 2, yana cikin kuɗin aikin, ka lissafa shi tun farko. Maganar kusantar iyali ma tana da lokacinta, a tambayi likita, ba sabon abu ba ne a kunnensa.

Yanzu ga kasuwa, wadda ita ce ainihin abin da ke tayar da mutanenmu daga gado kafin lokaci. Ni harkar albasa nake yi, kuma albasa ba ta san jinya ba. Tirela ta taso daga Galmi sai ta iso, in ba a sauke an sayar ba ta ruɓe a buhu. Tun da aka mayar da mu Adjen Kotoku daga Agbogbloshie a 2021, tafiyar ma ta ƙara nisa ga mazaunin Nima. Abin da ya cece ni, kafin in shiga asibiti na zaunar da ƙanena da littafin bashi, suna bayan suna, na kira matan da ke sara a wurina na ce da shi za su yi ciniki, kuɗi kuma ta MoMo. Kaya ya iso ya nuna mini ta bidiyon WhatsApp, mu yanke farashi ina kwance. An yi asara, ba zan ce ba a yi ba, ido ɗaya na mai kaya ya fi goma na wakili. Amma asara ce da aka iya mayarwa.

Wani maƙwabcin rumfata da aka sa wa ƙarfe, a mako na 5 ya dawo, a bayan babur, kan hanya mai gargada. Kowa ya ce taurin kai ne. Ni na san gidansa, babu na cefane ne. Kwana kaɗan buhu ya zamo daga kan mai dako, ya kai hannu ya tare kamar yadda ya saba shekara 30, aka koma da shi asibiti. Ga inda nake ganin ƙungiyoyinmu da sarakunan zango za su gyara. Gudummawa muna yi, babu laifi, amma duk a kan kuɗin tiyata take ƙarewa. A riƙa ware kaso na abinci da haya na wata 3, a damƙa wa uwargida.

Akwai kuma masu cewa a kai shi gida ya yi jinya cikin dangi. Niyyar mai kyau ce, amma a duba hanya. Daga Akra a bi Kumasi, Tamale, Paga, a ratsa Burkina zuwa Yamai, ko a bi Lome, Kwatano, Legas zuwa Kano, kwanaki ne a kujerar bas, ga ramuka, ga tsayuwar kan iyaka, ga mutumin da aka ce kada ya zauna fiye da rabin awa. Likitan da zai cire zare ya duba hoto kuma yana nan inda aka baro. Gara dangin su zo. Waɗanda aka yi wa a Indiya ko Misira su tambayi ranar da ya dace su hau jirgi, su riƙa miƙewa suna takawa a cikinsa, kuma kada su baro asibitin sai da hotunansu da takardar da ta bayyana aikin da irin ƙarfen da aka sa. Wanda aka yi wa a ƙasar Turanci alhali a ƙasar Faransanci yake zaune, ya sa a fassara masa ita tun yana da lafiyar bin layi.

Ni a mako na 8 na koma, da izinin likita, bayan na fara zuwa wurin likitan fisiyo da ya koya mini motsin ƙarfafa ciki da ƙugu, da yadda ake ɗaukar abu da gwiwa baya a miƙe. Awa 2 a rana da farko, a motar haya, kujerar gaba, ba babur ba trotro. Ciwon ƙafar tun a asibiti ya tafi, amma babban yatsana na hagu ya fi wata 6 kamar ba nawa ba, likita ya ce jijiya haka take, a hankali take farfaɗowa, wani ma ba ta gama dawo masa duka. A rumfa kafinta ya yi mini kujera mai tsayi da majingina, ina da sandar da nake nuna buhu da ita. Albasar da na shekara 25 ina dubawa a tsugune, yanzu a kan tebur yara ke zuba mini ita.